Kwalara a Chadi: Yadda ƙullin gishiri da sukari ke ceton rai, da dalilin da ya sa ake raina shi

A watan Yulin 2025 hukumomin lafiya na Chadi suka tabbatar da ɓullar cutar kwalara a sansanin 'yan gudun hijira na Dougui da ke lardin Ouaddaï, a gabashin ƙasar, inda aka tsugunar da mutanen da suka tsere wa yaƙin Sudan. Kafin ƙarshen watan Satumba waɗanda aka ƙirga sun kamu sun haura 2,000, waɗanda suka rasu sun haura 100, cutar kuma ta tsallaka zuwa lardunan Sila da Guéra.

Idan aka auna waɗannan alƙaluma da na Sudan, inda masu cutar suka haura 100,000 tun daga tsakiyar 2024, sai a ga kamar na Chadi bai taka kara ya karya ba. Amma akwai wani lissafi da ya fi ba likitoci tsoro. Cikin kowane mutum 100 da suka kamu a Chadi, fiye da biyar sun mutu. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne, matuƙar marasa lafiya na samun kulawa a kan kari, bai kamata mace-macen su kai ɗaya cikin 100 ba. Tazarar da ke tsakanin ɗaya da biyar ita ce mutanen da aka rasa alhali maganinsu sananne ne, kuma bai kai kuɗin kofin shayi da burodi ba.

Hukumar ta kuma bayar da rahoton cewa a 2024 sama da mutum 6,000 kwalara ta kashe a duniya, ƙarin kashi 50 cikin 100 a kan shekarar da ta gabace ta, kuma kashi ɗaya cikin huɗu na waɗannan sun cika ne a gida ko a kan hanya, ba su kai ga gadon asibiti ba. Ke nan hukuncin rayuwa ko mutuwa a wannan cuta yakan faɗo ne a sa'o'in farko, a tsakar gida, a hannun uwa ko kaka ko maƙwabciya.

Me ya haɗa N'Djamena da Dougui?

Daga Abéché zuwa N'Djamena tafiyar yini ce a mota, kuma kwaltar da ta haɗa su ta ratsa ta Mongo da Bitkine, wato ta tsakiyar Guéra. Ƙwayar kwalara kan ɗauki daga sa'a 12 zuwa kwana biyar kafin ta nuna kanta, kuma akasarin waɗanda suka haɗiye ta ba sa ko kwanciya, amma suna fitar da ita a bayan gida har tsawon kwanaki. Fasinja lafiyayye na iya ɗauko ta daga gabas ya sauka da ita a tasha ba tare da ya sani ba.

Babban birnin ya san wannan baƙuwa. Annobar kwalara da duniya ke ciki yanzu, wadda ita ce ta bakwai a tarihi, ta faro daga Indonesiya a 1961, ta shigo Afirka ta Yamma a 1970, ta iso yankin Tafkin Chadi a 1971. A 2011 Chadi ta ƙirga kimanin mutum 17,000 da suka kamu, N'Djamena na cikin wuraren da abin ya fi shafa. Birnin yana zaune ne a mahaɗar kogin Chari da na Logone, kuma kogin kan kai ƙololuwar cikarsa ne a watannin Oktoba da Nuwamba, bayan ruwan sama ya ɗauke. A Oktoban 2022 ambaliya ta mamaye Walia da Toukra a gunduma ta tara, har shugaba Mahamat Idriss Déby ya ayyana dokar ta-ɓaci. A 2024 abin ya fi muni a faɗin ƙasar: mutum kusan miliyan biyu ambaliyar ta shafa, fiye da 500 suka rasu. Duk lokacin da ruwa ya shiga unguwa, masai da rijiya kan zama abu ɗaya. Bututun kamfanin ruwa na STE bai kai unguwanni da yawa na gefen gari ba, saboda haka gidaje sun dogara ne da famfon tuƙa-tuƙa da 'yan ga-ruwa.

Ga Hausawan birnin, waɗanda kakannin da yawa daga cikinsu suka yada zango a nan kan hanyarsu ta zuwa Makka tun garin yana amsa sunan Fort-Lamy, akwai ƙarin dalili. Rayuwarsu a kan hanya take. Kaya da mutane na tsallaka gadar Nguéli zuwa Kousseri kowace safiya, daga can zuwa Fotokol da Gamboru da Maiduguri har Kano. A 2021 Najeriya ta ƙirga sama da mutum 100,000 da suka kamu da kwalara, fiye da 3,500 suka mutu, kuma a shekarar ce Maraɗi da wasu jihohin Nijar suka yi fama da ita. Cutar na iya shigowa N'Djamena ta gabas, tana iya shigowa ta yamma.

Ganuwa mai ƙofofi

Don a gane abin da kwalara ke yi, sai an leƙa cikin ƙaramin hanji. Bangonsa a shimfiɗe yake da ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, jere kamar tubalin gini. Kowace ƙwaya tana kewaye da wani siririn tantani mai maiƙo, wanda ke aiki irin na ganuwar birni. Gishirin da ya narke a ruwa ba ya iya ratsa wannan tantani kai tsaye, haka ma sukari. Sai dai su bi ta ƙofofi, kuma kowace ƙofa da irin baƙon da take karɓa. Akwai ƙofar sodiyam, akwai ta kuloraid (waɗannan biyun su ne suka haɗu suka zama gishirin miya), akwai ta fotasiyam. Wasu ƙofofin a buɗe suke, wasu sai an ba su umarni, wasu kuma famfuna ne da ke cin ƙarfin jiki don tura gishiri inda ba zai je da kansa ba.

Ruwa kuwa ba shi da famfon kansa. Jiki ba ya iya kama ruwa ya tura shi wani wuri kai tsaye. Abin da yake yi shi ne ya kai gishiri can, ruwan sai ya bi. Duk matar da ta taɓa barbaɗa gishiri a kan yankakkiyar albasa ko tumatir ta ga yadda ruwa ke tsattsafowa bayan 'yan mintuna. Wanda ya jiƙa kauɗar tumatir ko busasshen dabino ya ga akasin haka, ruwa ya shiga ciki sun kumbura. Dokar ɗaya ce: idan tantani ya raba ruwa biyu, ruwa na tafiya ne daga ɓangaren da ya fi tsarki zuwa ɓangaren da ya fi gishiri ko sukari. Masana na kiran wannan osmosis, 'yan makarantar Faransanci kuma sun san shi da osmose.

Da wannan doka hanji ke aiki kullum. A rana guda kimanin lita takwas zuwa tara na ruwa ke ratsa hanjin babban mutum. Lita biyu ne kacal daga abinci da abin sha, sauran yawu ne da ruwan ciki da na matsarmama da makamantansu. Hanji na mayar da kusan dukkansu cikin jini, abin da ke fita a bayan gida bai cika kofi ɗaya ba. Saboda haka mutum a kullum yana zuba ruwa mai yawa cikin hanjinsa yana kuma tsotse shi. Idan aka ƙara zubawar aka rage tsotsewar, ko da na rabin yini ne, jiki zai ƙafe.

Dafin da ke ɗaure famfo a buɗe

Ƙwayar kwalara bakteriya ce, mai siffar waƙafi, ana kiranta Vibrio cholerae. Abin mamaki game da ita shi ne ba ta shiga jini, ba ta kuma yi wa hanji rauni. Idan ta tsallake ruwan tsamin ciki, wanda ke kashe mafi yawansu, sai ta maƙale a bangon ƙaramin hanji ta hayayyafa, ta riƙa sakin dafi. Wani likita ɗan Indiya, Sambhu Nath De, shi ya nuna a 1959 a birnin Kalkata cewa dafin kaɗai, ko babu ƙwayar, ya isa ya cika hanji da ruwa.

Dafin yana da sassa biyu. Ɗaya yana manne wa tantanin ƙwayar hanji, ɗayan yana shigewa ciki, kuma wannan na biyun enzayim ne. Enzayim wani sinadari ne da ke hanzarta aiki ba tare da shi kansa ya ƙare ba. Masu kunun zaƙi suna amfani da shi ko da ba su san sunansa ba: idan suka zuba niƙaƙƙen dankali ko tsiron hatsi a kan dafaffiyar gasara, kaurin sai ya saki, zaƙi ya fito, domin enzayim ɗin da ke ciki yana daddatsa sitaci ya mayar da shi sukari. Ɗan kaɗan ya isa babbar roba, tunda yana gama da wannan sai ya koma kan wancan.

Shi enzayim ɗin kwalara aikinsa ɗaya ne. A cikin ƙwayar hanji akwai wani makunni da ke ba ƙofar kuloraid umarnin buɗewa, sannan ya kashe kansa bayan ɗan lokaci. Dafin yana liƙa wa makunnin wani abu da ke hana shi mutuwa. Sakamakon haka ƙofar kuloraid, wadda masana ke kira CFTR, takan tsaya a hangame, hanyar da aka saba tsotse gishiri kuma ta toshe. Kuloraid ya kwarara cikin hanji, sodiyam ya bi shi, ruwa ya bi su. Babban mutum na iya zubar da lita guda a cikin sa'a ɗaya. Gudawar fara ce tas kamar ruwan da aka wanke shinkafa, galibi babu jini babu zazzaɓi, abin da kan yaudari 'yan uwa su ɗauka lalacewar ciki ce kawai. Tare da ruwan ana asarar fotasiyam da wasu sinadarai, shi ya sa ƙafafu ke ɗaurewa, numfashi ya yi sauri. Jini ya yi kauri, ƙoda ta tsaya, zuciya ta rasa abin bugawa. Mai tsananin cutar da bai sami ruwa ba, wanda ya yi sallar asuba a tsaye, ana iya yi masa sutura kafin magariba.

Akwai wani abu da ba kowa ya sani ba. Bakteriyar ba da wannan dafi aka halicce ta ba. A 1996 wasu masana biyu a Amurka, Matthew Waldor da John Mekalanos, suka gano cewa umarnin ƙera dafin yana cikin wani bairos ne da ke kama ita kanta bakteriyar. Bairos ya fi bakteriya ƙanƙanta nesa ba kusa ba, ba ya ci, ba ya numfashi, ba ya iya haihuwa sai ya shiga cikin wata ƙwayar halitta ya ari kayan aikinta. Wannan bairos ɗin yana dasa umarninsa cikin na Vibrio, ita kuma ta ci gaba da gadar wa 'ya'yanta. Akwai dangin Vibrio cholerae barkatai a koguna da bakin teku da ba sa haddasa annoba, don ba su ɗauke da shi.

Ƙofar da dafin bai taɓa ba

A 1960 wani masani mai suna Robert Crane ya bayyana cewa akwai wata ƙofa a bangon hanji da ba ta karɓar sodiyam shi kaɗai, ba ta kuma karɓar sukarin gulukos shi kaɗai. Sai sun zo tare take buɗewa. Daga baya aka tabbatar cewa sodiyam biyu ke shiga da gulukos ɗaya. Da sodiyam ya shiga, wani famfo da ke ɗaya gefen ƙwayar sai ya tura shi wajen jini, ruwa kuma ya bi sawu. Babban sa'ar da ɗan Adam ya yi ita ce dafin kwalara bai shafi wannan ƙofa ba. Hanji na cikin zubar da ruwa ta ƙofar kuloraid, amma idan aka miƙa masa gishiri tare da sukari zai tsotse su ta ɗaya ƙofar.

A nan amsar tambayar da iyaye mata ke yawan yi take: me ya sa ba za a ba yaro ruwa zalla ba, ko ruwan gishiri kawai? Ruwa zalla ba ya mayar da gishirin da aka rasa. Ruwan gishiri kaɗai kuma ba ya samun ƙofar shiga. Sukarin da ke cikin haɗin ba don daɗi aka sa shi ba, shi ne abokin tafiyar da gishiri ke buƙata.

Likitoci a Daka, cikinsu har da David Nalin da Richard Cash, sun gwada haɗin a asibiti a 1968 ya yi aiki. Amma gwajin da ya gamsar da duniya ya faru ne a wani yanayi mai kama da na Dougui da Adré. A 1971 yaƙin 'yancin Bangaladash ya kora miliyoyin mutane zuwa Indiya, kwalara ta ɓarke a sansanonin, ledojin ƙarin ruwa suka ƙare. A garin Bangaon wani likitan yara, Dilip Mahalanabis, ya sa aka riƙa dama gishiri da sukari a cikin durom, ya kuma bar 'yan uwan marasa lafiya su riƙa ba su da kofi. Cikin mutum sama da 3,000 da aka kula da su haka, mace-mace suka sauko daga kusan kashi 30 cikin 100 zuwa kashi 3.6. Abin lura shi ne ba likitoci ne suka riƙe kofunan ba. Daga 1980 ƙungiyar BRAC ta bi gida-gida a Bangaladash tana koya wa mata awon, har ta kai ga gidaje miliyan 12 cikin shekara goma.

Batun awo

Ƙullin da ake samu yanzu a asibitoci da kantunan magani, wanda ake kira SRO a Chadi da Nijar da Kamaru, ORS kuma a Najeriya, yana ɗauke da giram 13.5 na gulukos, giram 2.6 na gishiri, giram 1.5 na gishirin fotasiyam, da giram 2.9 na wani sinadari mai rage tsamin jini. An auna shi ne don lita ɗaya cif ta ruwa mai tsabta. A farkon shekarun 2000 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka rage gishiri da sukarin da ke cikin tsohon haɗin, bayan an ga cewa idan ruwan bai kai jini kauri ba hanji ya fi saurin tsotse shi, yara kuma sun fi rage amai.

Dokar osmosis ba ta san niyyar mai damawa ba. Uwar da ta juye ƙulli guda a ƙaramin kofi, don tana ganin mai kauri ya fi ƙarfi, ta haɗa abin da zai janyo ruwa daga jikin yaron zuwa hanjinsa. Gishirin da ya yi yawa a jini kuma yana tsotse ruwa daga ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, har yaro ya yi jijjiga. Wadda ta juye shi a babbar gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi ta tsinka shi, duk da cewa kuskurenta ya fi sauƙi. Haka lemon kwalba, wanda wasu ke saya wa marar lafiya don nuna kulawa: a lita guda akwai sukari kimanin giram 100, fiye da ninki bakwai na abin da ke cikin ƙullin, gishiri kuwa kusan babu. Sukarin da hanji ya kasa tsotsewa yana zama a ciki ya kira ruwa, gudawar ta ƙaru. Shayin N'Djamena mai kaurin sukari da zoɓon da ake kira karkanji duk hukuncinsu ɗaya ne a wannan hali.

Mazauna kan iyaka na da wata matsala ta daban. Awon gida da aka fi yaɗawa a duniya, idan babu ƙulli, shi ne ƙaramin cokali shida na sukari, a shafe bakinsu, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a lita ɗaya. Amma a Najeriya, tun shekarun 1980, an koya wa iyaye mata wani awon daban, na kwalbar lemo biyu, wato mililita 600, da ƙwayar sukari biyar. A gidan da kaka ta taso a Kano, suruka kuma ta yi awon ciki a N'Djamena, abu ne mai sauƙi a ɗauki cokulan wannan a zuba a ruwan wancan. Cokulan ma ba girmansu ɗaya ba. Shi ya sa ƙullin da aka riga aka auna ya fi aminci, awon gida kuma na kafin a kai ga ƙulli ne. Tsohuwar shawarar ma'aikatan lafiya ita ce a ɗanɗana, kada ya fi hawaye gishiri. Abin da aka dama ba ya wuce yini da kwana, sai a zubar a sake sabo. Idan yaro ya yi amai a dakata minti goma a ci gaba da cokali-cokali, nono kuma ba a tsayar da shi.

Ruwan dafaffiyar shinkafa ko kunu marar kauri da aka sa wa ɗan gishiri na da wata fa'ida da ta fito daga aikin enzayim. Sitaci dogon zare ne na gulukos, kuma muddin yana a haɗe ba ya janyo ruwa sosai. Enzayim ɗin hanji na warware shi a hankali, yana sakin gulukos daidai bakin ƙofar da ke buƙatarsa. An gwada haɗin da aka yi da garin shinkafa a kan masu kwalara, aka ga yana rage yawan gudawar.

Araha ba ta ado

Duk da wannan, binciken lafiyar iyali da aka yi a Chadi a 2014 zuwa 2015 ya nuna kimanin yaro ɗaya ne cikin biyar masu gudawa ke samun ƙullin. Wani ɓangare na dalilin rashin samuwa ne a ƙauyuka. Amma a N'Djamena, inda kantin magani bai yi nisa ba, dalilin ya fi kama da rashin yarda.

Ƙullin ba ya tsayar da gudawa, kuma nan ne ya faɗi a idon jama'a. Uwa ta ba yaro kofi uku, ta ga zawo bai tsaya ba, sai ta yanke hukuncin cewa maganin bai karɓe shi ba. Gaskiyar ita ce makunnin da dafi ya ɗaure ba ya kwancewa. Sai dai ƙwayoyin hanjin da abin ya shafa su tsufa su zube, sababbi su maye gurbinsu, kuma hakan na ɗaukar kwana uku zuwa biyar. Aikin ƙullin shi ne ya riƙe mutum da rai har hanjin ya sabunta kansa. Idan ba a faɗa wa uwa wannan tun farko ba, za ta tafi wajen mai tallan magani a bakin kasuwa, irin waɗanda 'yan Chadi ke kira dokta shuku, ya ba ta kafso mai launi biyu ko ya yi wa yaron allura.

Ba masu talla kaɗai ba ne. Wani bincike da mujallar Science ta wallafa a 2024, wanda aka yi a jihohi biyu na Indiya, ya gano cewa ma'aikatan lafiya da yawa sun san amfanin ƙullin sarai, amma ba sa rubuta shi saboda suna zaton iyaye ba za su gamsu da shi ba. Da waɗanda aka tura a matsayin iyayen yara suka nuna suna son ƙullin, sai aka fi ba su. Babu dalilin ɗaukar cewa lamarin ya bambanta a Dembé ko Diguel.

Maganin antibayotik na da gurbinsa. Ga mai tsananin kwalara, likita kan ba da shi don rage kwanakin cutar da yawan ƙwayoyin da ake fitarwa, amma bayan an fara mayar da ruwa. Shan sa barkatai kuwa yana da farashi: masana a Cibiyar Pasteur ta Paris sun bi sawun wani nau'in kwalara da ya bijire wa magunguna da dama, wanda aka fara gani a Yaman, ya ɓulla a Lebanon a 2022, a Kenya a 2023, sannan a tsibiran Komoros da Mayotte a 2024. Ban da haka, mafi yawan gudawar ƙananan yara ba kwalara ba ce. Babban mai haddasa ta shi ne bairos ɗin rota, wanda ke shiga ƙwayoyin hanji ya hayayyafa a ciki ya lalata su. Antibayotik na kai hari ne ga bangon bakteriya ko injinan cikinta, bairos kuwa ba shi da ko ɗaya, don haka kafson ba shi da abin da zai kama. Bairos ɗin rota ba shi da rigar maiƙo da sabulu ke narkarwa cikin sauƙi, shi ya sa tsabta kaɗai ba ta hana shi, kusan kowane yaro a duniya kan gamu da shi kafin shekara biyar. Nijar da Kamaru sun shigar da rigakafinsa cikin jadawalin yara a 2014, Najeriya a 2022, Chadi kuma a Oktoban 2024, rana ɗaya da na zazzaɓin cizon sauro da na ciwon huhu. Yaron da rota ta kama shi ma ƙullin nan ne maganinsa, tare da ƙwayar zinki na kwana 10 zuwa 14.

Akwai kuma fassarar gida da ke jinkirta zuwa asibiti. Gudawar jariri akan danganta ta da haƙori. Faɗawar maɗiga akan ɗauke ta cuta mai zaman kanta, a shafa mata magani a ka, alhali alama ce ta cewa ruwan jikin yaron ya yi ƙasa. Idan ido ya zurma, fatar ciki da aka tsunkula ta ƙi komawa da sauri, yaro ya yi lagwas ko ya kasa sha, an wuce matakin kofi da cokali. Wannan sai ƙarin ruwa ta jijiya, kuma a ci gaba da ɗura masa abin da zai iya haɗiya a kan hanyar zuwa.

Abin da ke hannun hukumomi

Rigakafin kwalara na ɗigawa a baki yana taimakawa, kuma an yi amfani da shi a gabashin Chadi. Sai dai an yi fama da ƙarancinsa. A Oktoban 2022 kwamitin da ke kula da rumbunsa na duniya ya koma ba da zubi ɗaya maimakon biyu saboda ƙarancinsa, kuma kusan dukkan abin da ke rumbun daga kamfani ɗaya yake fitowa, EuBiologics na Koriya ta Kudu. Maganin dindindin, wato ruwan famfo mai sinadarin kulorin da masai da ba ya haɗuwa da rijiya, aiki ne na shekaru da biliyoyin sefa, a lokacin da tallafin ƙasashen waje ya ja baya tun bayan rufe hukumar USAID a 2025. Alƙawarin da aka ɗauka a 2017 na rage mace-macen kwalara da kashi 90 cikin 100 kafin 2030 yana ƙara nisa.

Abin da ya rage mai yiwuwa a damina ɗaya shi ne kusanto da ƙullin ga mutane kafin cutar ta iso. Ƙungiyoyin agaji na da abin da suke kira wurin shan ruwan gishiri da sukari: rumfa, bokiti mai famfo, kofuna, da mutum ɗaya ko biyu 'yan unguwa da aka horar. Akan kafa su ne bayan annoba ta ɓarke. A birnin da aka san watan da koginsa ke cika, aka kuma san unguwannin da ruwa ke fara shiga, babu abin da ya hana a tanadi kayan tun watan Yuni a Walia da Toukra da tashoshin motar gabas da bakin gadar Nguéli.

Sai kuma harshe. Sanarwar lafiya a N'Djamena galibi da Faransanci da Larabcin Chadi take fita, rubutun jikin ƙullin kuma da Faransanci ko Ingilishi. Mafi yawan Hausawan birnin na jin Larabcin kasuwa, amma matan aure da ke cikin gida da baƙin da suka zo fatauci daga Zinder ko Katsina ba lallai su kama bambancin lita da kofi a cikin sanarwar rediyo ta minti ɗaya ba. Sarakunan Hausawa na unguwanni, limamai, malaman Islamiyyar mata da shugabannin mahauta na da hanyar isa ga waɗannan gidaje wadda ma'aikatar lafiya ba ta da ita. Su ne kuma za a fi saurara a kan batu mai nauyi kamar wankan gawar wanda kwalara ta kashe, inda ruwan da ke fita daga jikin mamaci ke cike da ƙwayar, kuma ake buƙatar safar hannu da ruwan kulorin ba tare da an tauye haƙƙin mamacin ba. Saƙon da za a ba su bai wuce jimla uku ba: ƙulli ɗaya a lita ɗaya, a fara tun gudawar farko, kuma kada a daina don an ga zawo bai tsaya ba.